Alƙali Zubairu da Rijiyar da Ke Raguwa a Rufe

An yi wani alƙali a garin Tudun Aduwa mai suna Malam Zubairu, mutum mai dogon sauraro da gajeren bayani. Ya shekara goma sha tara yana shari'a a garin, kuma masu ba da labari sun ce a duk ƙararrakin da aka kai gabansa, babu wadda ta hana shi cin abinci sai ta rijiya.

Garin yana da rijiyoyi da dama, amma idan bazara ta kankama duk sukan ƙafe, ban da guda ɗaya da ke gangaren fadama. Saboda haka tun kaka da kakanni aka yi mata doka. Ana ɗiban ruwa daga asuba zuwa hantsi, kowane gida da adadin tulunansa. Da hantsi mai tsaron rijiya zai zura sandar awo, ya yi alama a inda ruwa ya tsaya. Sai a jera azara a rufe bakin, a ɗaure da igiya, a liƙe ƙullin da yumɓu, mai unguwa ya danna zobensa a kai. Ba a sake buɗewa sai bayan la'asar. A tsakanin nan rijiyar takan huta ta tara ruwa, har a tarar ya hau taƙi biyu ko fiye. Dokar tana da ƙarshe mai tsanani: duk wanda ya ci amanar ruwa da bazara, a ɗaye jinkar ɗakinsa, a raka shi bayan gari, kada ya dawo.

Mai tsaron rijiyar a wancan zamani wani dattijo ne da ake kira Nomau, wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa. A bakin rijiyar yake wuni, yana tufkar igiya a inuwar wasu cediyoyi bakwai da suka kewaye wurin. Cediyoyin kuwa Madugu Korau ne ya dasa su shekara tara kafin nan, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu, don mata masu ɗiban ruwa su daina tsayuwa a rana. Korau attajiri ne mai jakuna da yawa, mai kyauta, mai kuma son a san ya yi kyautar.

Shekaru biyu a jere aka lura ruwan ba ya hawa kamar da, aka ɗora wa ƙarancin damina. A shekara ta uku abin ya juye. Sai a rufe rijiya da hantsi, a buɗe da yamma a tarar ruwan ya sauka ƙasa da alama da yatsu uku, wata rana huɗu. Aka rage wa kowane gida tulu ɗaya. Da aka rage na biyu, Korau ya tara mutane ya kai ƙara.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ruwa ba ya tsami banza. Rijiyar nan da dare takan cika, lokacin da Nomau yake barci a gidansa. Da rana take raguwa, lokacin da babu kowa a bakinta sai shi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, Talatar da ta wuce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, ya wuni can. Ranar ruwa ya hau taƙi guda da rabi. Kowa ya gani. Na uku, makiyaya suna ratsawa ta fadama da shanu, kuma an ga ƙwaryar nono ta shiga gidansa sau biyu."

Alƙali ya dubi mai unguwa ya tambaye shi ko ya taɓa tarar da hatiminsa a fashe. Mai unguwa ya ce bai taɓa ba.

Korau ya ce, "Wanda ya shekara talatin da ƙofa ai ya san inda take da rauni. Tsakanin azara da azara akwai inda kara mai rami zai shiga."

"Nomau, me ka ce?"

Dattijon ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana. "Allah ya gafarta malam, nonon 'yata ce ta aiko, tana aure kusa da ruga. Ruwan kuwa yana raguwa, da hannuna nake aunawa, ni nake faɗa musu. Da ni ke ɗiba, da na matsar da alamar, wa zai sani? Inda yake tafiya ne ban sani ba."

"Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo," in ji Korau. Jama'a suka yi guna-gunin yarda.

Malam Zubairu ya nemi kwana uku. Washegari ya sa mutum huɗu amintattu suka wuni a bakin rijiyar, Nomau na zaune a tsakiyarsu, hannunsa bai taɓa ko igiyar guga ba. Da la'asar aka buɗe, ruwa ya sauka yatsu huɗu. Alƙalin ya zaci wannan zai wanke dattijon, sai ya zama ya ƙara masa nauyi. Kafin magariba magana ta zaga gari cewa Nomau yana da asirin janye ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya gani. Mata suka daina gaida matarsa. Wasu samari suka je suka tsaya a ƙofar gidansa suna kallon jinkar, sannan suka tafi.

Nan alƙalin ya ga tsaka mai wuyar da yake ciki. Babu shaidar da ta ga Nomau ya ɗiba, don haka shari'a ba ta yarda a kore shi ba. Idan kuwa ya ba shi rantsuwa ya sallame shi, rantsuwar za ta fid da shi a zaure kawai, domin mai ƙishirwa ba ya jin an ce babu shaida. Za su ɗaye jinkar da kansu, a rasa dattijon, a kuma rasa girman shari'a a rana ɗaya. Babu abin da zai tsayar da su sai a nuna musu inda ruwan yake zuwa, shi kuma bai sani ba.

A rana ta biyu da hantsi ya shiga cikin gida, ya tarar da yayarsa Hakama, wata gwauruwa da ke zaune a gidansa tun rasuwar mijinta, tana tsugune kusa da wurin wanke-wanke. Ta yanko rassan lalle za ta dasa a inda ruwan kwanuka ke kwarara, tana tsige ganyen ɗaya bayan ɗaya, tana barin biyu ko uku a can sama.

Ya tsaya ya ce, "Yaya, me ganyen ya yi miki? Ai don shi ake dasa lalle."

Ba ta ɗago ba. "An ce tun jiya ba ka ci tuwo ba, ashe kana da bakin tambaya. Reshen nan ba shi da saiwa tukuna. In na bar masa ganye, kafin jibi ya bushe ƙayau."

"Don me?"

"Don ganyen ne ke zubar da ruwan jikinsa mana. Saiwa ta sha, ganye ya zubar. Wanda ba shi da saiwa kuma yana zubarwa, ina labari?"

"Ni ban taɓa ganin ganye yana ɗigar da ruwa da rana ba."

Sai ta ɗago ta dube shi. "Rigarka da ake wankewa a shanya, ka taɓa ganin inda ruwanta yake bi? Kai dai Zubairu, littafi ka sani. Je ka zauna a inuwar bango, ka tashi ka koma inuwar cediya, ka faɗa mini wace ta fi sanyi. Duk inuwa ce ai. Amma ita cediya gumi take yi, kamar randa. Randar da ba ta gumi ba ta sanyaya ruwa."

Alƙalin ya jawo turmi ya zauna a kai, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. "Kullum yake zubarwa, ko da lokaci?"

"Da rana, in ta take, balle a ce ana iska. Dubi kabewar can. Da azahar za ka ga ganyenta ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi, da asuba ka tarar ya miƙe, ba wanda ya ba ta ko ɗigo. Ranar da aka yi lumshi kuwa ko ban ruwa ba na yi."

"Yaushe aka yi lumshi kwanan nan?"

"Talatar can. Hadari ya taso ya rufe gari, ya wuni, bai zubar ba. Na shanya kuɓewa ranar, haka na kwashe ta ɗanya."

Malam Zubairu ya ce a kawo masa tuwon. Da ya ci, ya aika a samo masa butocin duma biyu masu girma ɗaya, da kakin zuma, da ludayi. Ya shige bayan gida ya wuni yana wani aiki da ba wanda ya gane kansa.

A rana ta uku ya ce a bakin rijiya za a yi zaman, da hantsi, bayan an rufe ta. Gari ya taru. Nomau ya zo da matarsa, an ce ta riga ta ɗaure kayanta tun asuba.

Alƙali ya kira Korau ya ce, "Madugu, ina so in ji ƙa'idar da ka kawo ƙara a kanta, da bakinka, kowa ya ji."

Korau ya gyara babbar rigarsa. "Ƙa'idar a fili take, Allah ya gafarta malam. Abin da aka auna, aka rufe, aka ba mutum tsaro, in ya ragu, mai tsaron ne ya ci."

"Ko hatimi bai fashe ba?"

"Ko bai fashe ba."

"Ko ba a gan shi ba?"

"Ko ba a gan shi ba."

"Ka tsaya a kan wannan?"

"Na tsaya."

Aka kawo butocin. Alƙali ya sa mai unguwa ya zuba ludayi goma a kowace, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Ya sa aka yanko rassa biyu daga cediyar da ta fi kusa da rijiya, kaurinsu ɗaya. Na farko aka bar shi da ganyensa cunkus. Na biyu ya tsige shi tas da hannunsa. Aka tsoma gindin kowane reshe cikin buta, aka toshe bakin da kakin zuma har ba inda iska za ta shiga, Korau da kansa ya danna zobensa a kan duka biyun.

"Rassan na mene ne, malam?" in ji shi.

"Shaidu ne. Kullum suna wurin nan, ba wanda ya tambaye su. Kai ka dasa itacen, kai za ka riƙe mai ganye. Nomau ya riƙe wanda aka tsige. Ku zauna a fili inda kowa ke ganinku, har la'asar."

Korau ya yi dariya ya ce, "To, yau an ba ni tsaron buta. Allah ya sa kada reshen ya gudu." Mutanensa suka taya shi.

Rana ta take, iskar bazara mai zafi tana kaɗawa. Korau ya zauna a kan buzu, butar a tsakanin ƙafafunsa, abokansa na yi masa fifita. Da lokacin azahar ya yi, bai yarda ya bar ta ba, a gabansa ya ajiye ta ya yi salla. Nomau na can gefe shi kaɗai da tasa butar, idonsa a ƙasa. Alƙalin ya zauna a inuwa yana jan carbi. An ce sau ɗaya kawai ya ɗaga kai, ya dubi sama, don ya tabbata babu gajimare.

Bayan la'asar ya sa Korau ya duba hatimin biyu. Korau ya ce lafiyarsu lau. Aka fasa na Nomau, aka juye ruwan a ludayi ana ƙirgawa, ya kai goma, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aka fasa na Korau. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Na takwas bai cika ba. Mai unguwa ya kife butar ya girgiza, ko ɗigo bai fito ba.



Alƙali ya ce, "Madugu, an auna, an rufe, an ba ka tsaro, ya ragu. Ina ludayi biyu da rabi?"

Korau ya miƙe tsaye. "Wallahi malam ban taɓa ba! Ga jama'a, kowa yana kallona tun hantsi. Ko salla a gabanta na yi!"

"Haka Nomau ya ce shekaranjiya, da mutum huɗu a kansa. Me aka ce masa?"

Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Sai a duba gidan madugu, ko an kai nono." Dariya ta ɓarke.

Malam Zubairu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ɗauki reshen mai ganye ya nuna wa jama'a.

"Madugu bai sha ba, kamar yadda Nomau bai ɗiba ba. Ga wanda ya sha. Kun san yadda lagwani ke jan mai daga cikin fitila ya kai shi ga wuta. Haka itace yake da ruwa. Saiwa ta tsotso shi daga ƙasa, ya bi ta cikin jikin itacen ya hau, ya isa ganye, rana da iska su ɗauke shi ba tare da ido ya gani ba. Duk abin da ganye ya saki a sama, sai saiwa ta jawo madadinsa a ƙasa. Shi ya sa reshen da na tsige bai rage komai ba. Reshe ɗaya ya sha ludayi biyu da rabi daga hantsi zuwa la'asar. Ku ɗaga kai ku ƙirga rassan da ke kanku."

Mutane suka ɗaga kai. Cediyoyin bakwai sun haɗe sama, sun rufe wurin kamar rumfa.

"Da aka dasa su ƙanana ne, shansu kaɗan ne. Yanzu saiwarsu ta kai inda rijiya ke samun ruwa. Da dare ba rana, sai su sassauta, rijiya ta cika. Talatar da Nomau ya tafi ta'aziyya, hadari ya rufe rana tun safe har yamma. Wanda ya shanya wani abu ranar zai tuna."

Muryoyi da yawa suka amsa cewa haka aka yi.

Nan take wasu samari suka ce a kawo gatari. Korau, wanda kunya ta rufe, ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce a sare su duka bakwai, shi zai fara.

Alƙali ya ce, "Zauna, madugu. Jiya kun so ku kori mutum kafin ku gane, yau kuna so ku sare itace kafin ku auna. Sadakar mahaifiyarka ba ta yi laifi ba. Itace ya sha ne don ya rayu, kuma bai riƙe abin da ya sha ba. Sanyin da matanku ke ji a nan shekara tara, ruwan rijiyarku ne yake ratsawa ta kansu. Abin da ya rage shi ne ku san nawa za ku iya bayarwa. Ga hukuncina. Uku da suka fi kusa da bakin rijiya, a datse rassansu duk farkon bazara, a ba awaki ganyen, da damina su sake tohowa. Huɗun da ke nesa a bar su, mata su sami wurin tsayawa. Kada a ƙara dasa itace a cikin taki arba'in daga rijiyar. Madugu zai kawo mutanensa su yashe ta, su ƙara mata zurfin gaba guda, wato kamar tsayin mutum. Nomau yana nan a kan aikinsa, kuma wanda ya taɓa tsinke ɗaya a jinkarsa, da ni ya yi."

Ya juya ga Korau. "Saura abu ɗaya, wanda shari'a ba ta iya tilasta maka."

Korau ya gane. Ya taka har gaban dattijon, ya cire takalmansa, ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, "Baba Nomau, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Nomau ya dube shi, ya dubi matarsa. Ya ce, "Tashi, madugu, ƙasa da zafi. Ni ma shekara tara ina zaune a ƙarƙashin ɓarayin nan ina sa maka albarka, ban gane su ba. Na yafe." Ya juya ga matar ya ce, "Je ki kwance kayan."

Washegari aka datse cediyoyin uku. Kwana huɗu da datsewar, da aka buɗe rijiya bayan la'asar, sandar awo ta nuna ruwa ya hau taƙi guda. Kafin mako ya zagayo aka mayar wa kowane gida tulu ɗaya daga cikin biyun da aka rage, na biyun sai da aka gama yasa.

Daga wannan shari'a dattawan Tudun Aduwa suka sami maganar da suke yi wa mai saurin zargi: idan abu ya ragu, fara neman hanyar da yake bi ya fita kafin ka nemi hannun da ya ɗauka, domin zama kusa da asara ba ya mai da mutum ɓarawo.